Yadda za ku haɗa baje kolin zane mai tudu da kwari a nan Damagaram

Tun da muka yi namu baje kolin mu biyar, matasa masu zane ke ta turo min saƙo a WhatsApp, wannan ya ce ta ina kuka fara, wancan ya ce wane gam kuka sa yashin bai zube ba, to na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, wanda ya ga inda na tsallake sai ya ƙara da nashi.

Zanen da nake nufi shi ne wanda ake haɗa fenti da yashi, jan ƙasa, toka, guntun fata, tsumma, kaba, wuri, wani lokaci har da tsohon kwanon rufi, 'yan lakwal na ce mishi teknik mikis, ni kuwa haɗin gambiza nake ce mishi. Irin wannan aiki yana da jiki, yana da tudu da kwari, kuma hoton waya kashe shi yake yi, ka ɗauka ka sa a Facebook sai ya koma lafe kamar atamfa. Sai mutum ya tsaya gabanshi, ya matsa hagu ya matsa dama ya ga inuwa na motsi cikin ramukan, sannan ya san abin da kuka yi. Shi ya sa mu masu wannan hannun muka fi kowa bukatar baje koli, kuma duk shirin da zan faɗa muku a kan abu guda yake: jikin aikin ya isa bango lafiya, haske ya fito da shi, mutane su gan shi kusa.

Za ku ji wasu na cewa ai abin Nasara ne. Gaskiya ne a can Turai Picasso ya liƙa guntun leda mai zanen saƙar kujera cikin tablo a 1912, Alberto Burri na Italiya ya yi suna da tsofaffin buhuna a shekarun 1950, Antoni Tàpies na Sifen kuma yana kwaɓa garin dutse da yashi cikin fenti. A nan yankinmu ga Abdoulaye Konaté na Mali da yadi yake aikinshi, ga El Anatsui ɗan Ghana da ya daɗe a Nsukka yana ɗinke murafan kwalba da wayar tagulla, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venise na Italiya a 2015. Amma ku shiga Birni da hantsi ku ɗaga kai ku dubi fuskar tsofaffin zaure, dagi da sauran zayyanar da magina suka tayar da hannu kan ɗanyen yaɓe, ku dubi fadar da aka gina tun zamanin Sarki Tanimun. Maginan nan suna haɗa laso, wato shafen bango, daga katsin marina da gashin jima da dafara, suna shafa makuba ta kwasfar ɗorawa don ruwa kar ya ci bango. In wannan ba haɗin gambiza ba ne to mene ne? Tun 2006 Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar ma UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Don haka in wani ya tambaye ku, ku nuna mishi bangon kakanshi.

Farko dai mutane. Ku kasance huɗu zuwa shida, in kun wuce haka taro kaɗai zai cinye muku wata guda, in kun gaza haka kuɗin ya yi ma kowa nauyi. Kar ku zaɓi mutum don kawai fadarku ɗaya kuna shan shayi tare, ku zaɓi wanda in ya ce ran Laraba zai kawo aiki to ran Laraba ɗin ne. Ku nemi mace ko biyu cikinku da gaske, masu saƙa da ɗinki da lalle sun san kaushi da laushi fiye da yawancinmu, kuma in akwai mace cikin masu aikin mata sun fi sakin jiki su shigo kallo. Sai ku tsayar da zare ɗaya da zai ɗinke ayyukan, mu ƙasa muka ɗauka, kowa ya yi abin da ƙasa ke nufi gare shi, wani ya ɗauki ruwa, don ɗan Damagaram ba sai an ba shi labarin layin bido ba, wani kasuwa, wani ƙaura. Kowa tablo huɗu ko biyar ya isa.

Ran da kuka amince, ran nan ku sayi kaye ku rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu, kunya ba ta da wuri a nan. Jika nawa kowa zai zuba, ran da za a rufe karɓar aiki, wa ke riƙe kuɗi (wanda ke riƙe kuɗi daban, wanda ke rubuta lissafi daban), in an sayar da tablo kashi nawa ke shiga asusun taro, misali goma cikin ɗari, in tablo ya faɗi ya fashe wa ke da asara. Zumunci da yawa ya lalace kan abin da aka ce "ai mun fahimci juna".

Yanzu aikin kanshi, nan zan daɗe don nan ne ake yin kuka. Twal, wato yadin da ake zane a kai, da aka ja kan firam mai rauni ba ya ɗaukar yashi mai kauri, yana lotsawa a tsakiya, yashin ya tsage. Ku je wurin kafinta ya yanko muku kontirplake mai ɗan kauri, ya buga mishi katako ta baya zagaye, in ya kai mita ɗaya a ƙara gicciye a tsakiya. Ku shafa farin fenti ko gam mai ruwa gaba da baya duka biyun, in fuska ɗaya kuka shafa katakon zai lanƙwashe kamar kwasfar gyaɗa. In kuna son twal ɗin dole to ku liƙa shi kan katakon.

Gam kuwa farin nan na kafinta mai kama da kindirmo shi ne abokin tafiya, ko dai shi kaɗai ko a gauraya shi da fentin akrilik, wanda ake tsinkawa da ruwa. Ni da ƙaro na fara, don namu ne, ga araha, na jiƙa shi ya kwana na kwaɓa yashi da shi na yi tablo mai girma na duwatsun Birni, kwana uku yana da kyau, ran na huɗu da safe na tarar ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, na sa yatsa ɓawo na ta ɓallewa yana faɗuwa kan tabarma. Wallahi na ji zafin abin, sati biyu na aiki. Ƙaro yana da kyau wurin riƙe launi siriri, amma in ya yi kauri karyewa yake, in ya ji laimar damina kuma ya sake narkewa. Kunun fulawa ko sitaci ma ku bar shi, gara da kyankyaso kuke gayyata. Haka ƙwayar hatsi da ƙaiƙayi, suna da kyau a ido amma ɓera da ƙwari ba sa raga musu sai in kun rufe su da gam ruf. Gam ɗin bindiga da ake narkawa da wuta shi kuma zafin Afrilu kan sassauta shi.

Yashi ku tankaɗe shi da rariya, ku wanke har ruwan ya fito garau, ku shanya ya bushe ƙayau. Yashi mai ƙura gam ba ya kama shi, ƙurar yake kamawa. Ƙasa mai kanwa ko gishiri kuma in ta ji laima sai ta fitar da fari-fari a fuskar aikin. Ku riƙa ɗora kwaɓin siriri-siriri, kamar kaurin kwabo biyu, ya bushe sannan a ƙara wani, kuma a kwance cikin inuwa, don in kun kai rana ko iskar hunturu ta buge shi sama na bushewa ciki na ɗanye, tsagewa ke nan. Ka'idar da ba a karyawa: fentin mai yana hawa kan akrilik, akrilik ba ya zama kan fentin mai, ɓarewa yake.

Fata kuwa Allah ya ba mu majema a garin nan, ku je ku roƙi guntayen da dukawa ke zubarwa, jar nan ta karan dafi da baƙa, amma ku tabbata ta jemu ta bushe, don fata na jan jiki, in gam kaɗai ya riƙe ta wata rana gefenta zai tashi. Ku huda katakon ku ɗinke ta da zare mai ƙarfi ko ku kafa ta da ƙananan ƙusoshi, ɗinkin ma kanshi ado ne. Haka duk abu mai nauyi, katangar tukunyar Mirya, guntun ƙwarya, ƙarfe, a ɗaure shi da waya ta baya. Ƙarfe mai tsatsa ku goge ku rufe shi da barnis in ba haka ba tsatsar za ta ci gaba da malala cikin farin wurin. In an gama duka sai a bi fuskar da gam da aka tsinka da ruwa ko barnis mara ƙyalli. Mai ƙyalli ni ba na son shi sam a irin wannan aikin, yana maida ƙasa kamar roba.

Sati biyu kafin buɗewa ku haɗu da ayyukan duka wuri ɗaya ku yi musu jarrabawa. A shimfiɗa takarda a ƙasa, a tsayar da tablo a kai, a bubbuga bayanshi da tafin hannu, a shafa fuskar. Wanda ya zubar da yashi kan takarda ya koma gida a gyara, ko na babban cikinku ne. A nan ne kuma za ku faɗa ma juna gaskiya kan wanda bai nuna ba tukuna, gara tablo ashirin masu ƙarfi da arba'in da rabi cike-gurbi ne.

Lokaci: daga Yuni zuwa Satumba damina, laima na hana gam bushewa, ɗakuna da yawa na yoyo. Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40, ba mai tsayawa cikin ɗaki kallon bango. Nuwamba zuwa Janairu ya fi, sai dai ƙurar hunturu, ita kuma ramukan zanenmu gidanta ne, kullum da safe sai an bi su da buroshi mai laushi busasshe, kar kowa ya kusance su da jiƙaƙƙen tsumma. Ku duba kalanda kar ku faɗa cikin azumi. Baje kolin ya yi kwana goma zuwa sati biyu, ya isa.

Wuri kuma ku taka da ƙafa ku tambaya, gidan matasa da al'adu, gidan tarihi na jiha, jami'ar André Salifou, zauren wata makaranta lokacin hutu, ko babban zauren wani gida in mai gidan ya yarda. Kar girman ɗaki ya ruɗe ku, abin dubawa shi ne bangon zai karɓi ƙusa, an yarda ku huda shi, ƙofa na kulluwa da dare, rufi ba ya zuba, ta ina rana ke shigowa, kuma mai kabu-kabu zai gane wurin in an kwatanta mishi. Ku rubuta takardar neman izini, ku riƙe kofi mai hatimi. In an hana huda bango kafinta na iya yi muku allunan tsaye, a shafa musu farin fenti, gobe ma sun yi muku amfani.

Ranar ɗauko aiki kowane tablo a tsaye zai yi tafiya, kar a kwantar da wani kan wani, kar a haɗa fuska da fuska yadda ake yi ma zane mai santsi, tudun wannan zai karce na wancan. A sa kwali a kusurwoyi, a rufe da tsohon zane mai tsabta. Jarida na barin tawada, leda kuma cikin zafi mannewa take da fenti. Gara ku yi sawu uku a adaidaita mutum na riƙe da su da a loda su sau ɗaya.

Rataya kwana biyu take ci, kar ku bar ta daren buɗewa. Ku fara jingina duka a ƙasa jikin bango ku yi ta sauya musu wuri kuna kallo daga bakin ƙofa. Ni ra'ayina kar a ba kowa bangonshi kamar rumfunan kasuwar Dole, in haka za a yi me ya haɗa ku? Ku gauraya, mai jan ƙasa kusa da mai shuɗin baba, mai hayaniya kusa da mai shiru. Rigimar da za ta taso ita ce wa zai hau bangon da ke fuskantar ƙofa, to ku ɗauko mutum ɗaya mai ido wanda ba ya da aiki ciki ya yanke, kowa ya yarda tun farko maganarshi ce ƙarshe. Sai ku ja zare a bango a tsayin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, tsakiyar kowane tablo ta hau zaren, babba ko ƙarami, nan ne daidai idon mai tsaye. Tsakanin tablo da tablo a bar aƙalla kamu ɗaya. Tablo mai yashi na mita ɗaya na iya kai kilo goma, don haka maƙalai biyu a baya, ƙusa ko bis biyu a bango, in siminti ne a huda a cusa 'yar robar nan kafin a ɗaura. In kun rataya ku ja shi ƙasa da hannu ku ji.

Haske, to nan ne ko aikin ya tashi ko ya mutu. Ku gwada da kanku yau da dare, ku kashe wuta ku haska tablo da tocilar waya daga gaba tsaf, za ku ga ya lafe. Ku koma gefe ku kwantar da hasken jikin fuskar, sai ga kowace ƙwayar yashi da inuwarta, ɗinkin fata ya fito, sawun yatsa ya fito. Abin da ya sa zayyanar Birni ta fi kyau da hantsi da la'asar ke nan, da tsakar rana kuwa ba ta cewa komai. Doguwar fitilar nan da ke tsakiyar silin ita ce ke lafar da komai. Ku nemi ƙananan ƙwayaye masu jefa haske wuri ɗaya, a kafa su sama, hasken ya sauko a karkace kamar digiri 30 da bango, in ya kwanta da yawa inuwa ta yi tsawo ta rufe launi, sai ku yi ta matsawa har ya zauna. In ba kuɗin wannan ku yi aiki da taga, ku sa masu zurfin rami a bangon da hasken taga ke shafa ta gefe. Amma kar rana ta faɗa kan aikin kai tsaye, baba da karan dafi da lalle kodewa suke. Ku aje fitilun caji ko na sola huɗu ko biyar saboda ɗaukewar wuta.

Gefen kowane tablo a liƙa 'yar takarda: sunan mai aiki, sunan tablon, shekara, girma, da kayan da aka haɗa, wannan na ƙarshen shi mutane suka fi karantawa. Ku rubuta da Hausa da Faransanci, in akwai mai hannu cikinku ya ƙara da ajami, dattawa na jin daɗinshi. Ku kiyaye da kyau duk takardar da za ku liƙa cikin aiki, kar a samu aya ko sunan Allah a jikinta, tsohon allo kuma ba kayan ado ba ne. Maganar surar mai rai ku tattauna ta tsakaninku tun da wuri, kun san garinmu, kowa ya san abin da zai rataya da amsar da zai bayar cikin ladabi in an tambaye shi.

Mutane za su taɓa, ko kun rubuta kar a taɓa da manyan baƙaƙe, hannu ne ke fara gane irin wannan aikin kafin ido. Don haka kowannenku ya yi ɗan ƙaramin allo da irin kwaɓinshi, a jera su kan tebur bakin ƙofa a rubuta "wannan na taɓawa ne". A namu wani dattijo magini ya tsaya wurin teburin nan ya fi minti goma, yana murza babban yatsanshi kan allon jan ƙasa, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya juyo ya ce min "yaro, ƙasarka ba ta kwana ba ko?" Na ce "Baba, ranar na kwaɓa na shafa." Ya ce in riƙa barin ta ta jiƙu ta kwana biyu kafin in sa gam, za ta fi laushi ta rage tsagewa. Na gwada, haka ne. Ku gayyaci magina da dukawa da marina da masu tukwane musamman, ku je har inda suke aiki ku faɗa musu da baki.

Sauran gayyata sananniya ce, ku kai gaisuwa wurin mai unguwa da manyan da suka kamata da takarda a hannu, sanarwa a gidajen rediyon gari, afish a ƙofar makarantu, a WhatsApp kuma ɗan bidiyo gajere da haske ke yawo kan fuskar tablo ya fi hoto nesa ba kusa ba. Bukin buɗewa bayan la'asar, a gama kafin magariba, jawabi ɗaya gajere, ruwan sanyi da zoɓo a waje nesa da bango. Ku roƙi malaman makaranta su kawo yara aji-aji da safe, a ba su yashi da gam da kwali a tsakar gida su gwada.

Kuɗin kowane tablo ku tsayar tun kafin buɗewa, ku lissafa katako da gam da fenti da kwanakin da ya ci, a rubuta cikin kaye ɗaya wurin mai tsaron ranar, kar mai saye ya ji farashi biyu daga baki biyu. Ku yi 'yan ƙanana masu sauƙin kuɗi da malamin makaranta zai iya ɗauka. Wanda ya saya ya ba da rabi a ba shi rasit, a liƙa jan ɗigo jikin takardar, tablon ya zauna bango har ranar rufewa. Tsaro kuma bi da bi, kullum mutum biyu, ɗaya na bayani ɗaya na ido kan ƙofa, da wani kaye a buɗe don baƙi su rubuta ra'ayinsu da lambar waya.

Ranar saukewa kowa ya zo, har wanda bai sayar da komai ba. A zare ƙusoshi, a cike ramukan, a shafa fenti a share ɗaki, a maida makulli hannun wanda ya bayar tare da godiya, sannan a zauna a karanta lissafi da ƙarfi gaban kowa a raba abin da ya rage. Tablon da ya koma gida a jingina shi tsaye kan bulo biyu, kar ya taɓa ƙasa ko bangon laka saboda gara, a rufe shi da zane, kuma duk wata a ɗaga a duba bayanshi.